Shinkafar da Gishiri Bai Kashe Ba

Hoton ya shigo wayarta tana tsaye a ɗakin gwaji, hannuwanta cikin safar roba, tana yanyanka saiwar wani ɗan tsiro a kan faranti. Ba ta saba duba waya a bakin aiki ba, amma da ta ga daga Yaya ne sai ta zare safa ɗaya ta danna.

Gona ce. Ta gane ta tun kafin hoton ya gama buɗewa. Ga karkataccen kututturen nan na kan iyaka, ga doguwar kunyar da babansu ya ɗaga da hannunsa kafin ya rasu. Gonar da ruwan teku ya shiga shekarun baya ya bar ta fari fat kamar an watsa mata gari, wadda ko ciyawa ta daina leƙa ta. Yau ga ta cike da shinkafa har ƙugu, zangarniya ta sunkuyar da kai ta fara ja. A ƙarƙashin hoton Yaya ya rubuta: "Taki ce, Auta. Zo ki gani da idonki."

Wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Ita da ta kwashe shekaru tana auna gishirin ƙasar nan ta san babu shinkafar da ke kasuwa wadda za ta rayu a cikinta. Iri ɗaya tak ta sani da zai iya, shi kuwa tun bara aka hallaka shi. Ita da bakinta ta shaida wa shugaban cibiyar binciken da take aiki cewa ko ƙwaya ɗaya ba ta saura ba.

Ta fita baranda ta kira shi.

"Yaya, wane iri ka shuka?"

"Kai, 'yan boko! Ba sallama, ba ina kwana, sai tambaya kamar 'yar sanda?" Dariya yake yi, irin wadda rabonta da jin ta a bakinsa tun babansu na da rai.

"Don Allah, Yaya. A ina ka samo irin?"

"A wurinki mana. Kin manta ranar da na zo kika zagaya da ni? Jajayen ledodin nan na bakin ƙofa da kika ce na zubarwa ne. Na ce a raina, haba, lafiyayyen dashe haka za a zubar? Sai na ɗauki leda ɗaya na cusa a jakata. Bara na raine shi a bayan gida, ko ƙwaya ban bari an ci ba, duka na ajiye iri. Bana kuwa ga abin da Allah ya yi. Gobe za mu sa lauje."

"Kada ku yanka," ta ce. "Kada kowa ya taɓa ta. Ga ni nan zuwa."

"Ai dama ke ake jira," in ji shi, ya kashe wayar yana dariya.

A bayan garinsu, inda kogi ke haɗuwa da teku, akwai wasu itatuwa da ke tsaye cikin ruwan gishiri a kan dogayen saiwoyi, kamar mutum ya tattare wando zai tsallaka rafi. Masana na ce musu mangurof, mutanen garin kuwa masu-ƙafafu suke ce musu. Tun tana yarinya Auta ke lasar ganyensu ta ji gishiri, ta damu babanta da tambayar me ya sa ruwan da ke kashe shinkafa bai kashe su ba. Da ya gaji sai ya ce ta je makaranta ta tambayo. Ta je kuwa, ta yi nisa har aka fara ce mata Dakta, kuma ta samo amsar. A cikin ƙwayoyin gadon itacen, wato ƙananan umarnin nan da kowane mai rai ke karɓa daga iyayensa, akwai ɗaya da ke sa saiwa ta kama gishiri ta kulle shi a wani lungu inda ba zai yi ɓarna ba. Daga nan itacen ya tura shi cikin tsofaffin ganye, ganyen su yi rawaya su faɗa ruwa, shi ke nan ya rabu da shi.

Wannan ƙwayar gadon ita Auta da abokan aikinta suka ciro suka dasa a jikin shinkafa. Kuma don tsabar ƙauna, ba ta yi gwajin da kowace ƙasa ba sai da ƙasar gonar babanta, buhu-buhu ta sa aka kawo mata. Shinkafa ta tsiro, ta sha ruwan gishiri ta miƙe abinta. Cibiya ta kaure da murna. Sai da aka yi wata da watanni ana ciyar da ɓerayen gwaji da ita sannan murna ta koma ciki. Ashe ba gishiri kaɗai saiwar ke kamawa ba. Akwai wani ƙarfe mai guba kwance a ƙasar yankin, wanda shinkafar da aka saba ba ta cika ɗaukarsa ba, wannan kuwa zuƙe shi take yi tare da gishirin. Itace yana da tsofaffin ganyen da zai zubar shekara da shekaru. Shinkafa 'yar wata kaɗan ce, ba ta da wannan sararin, sai ta tattara abin ta zuba a ƙwaya. Auta ce ta feɗe ɓerayen da hannunta, ta ga ƙodarsu ta kumbura ta yi fari, ƙashinsu na karyewa tsakanin yatsu biyu kamar tsinken ashana.

A makon da aka ba da umarnin hallaka irin ne Yaya ya shigo birni neman wani ƙarfen injin ban-ruwa, ya biyo ya gaishe ta. Doka ce baƙo ba ya wuce ƙofa ta biyu ta ɗakin gilashin da ake rainon tsirrai. Amma son a sani, ai ka san shi! Ta so wanta ya ga inda take aiki ya koma ya ba Inna labari, sai ta shigar da shi. Da ya tambayi jajayen ledodin da ke jiran tukunyar tururi mai kashe komai, kunya ta hana ta ce masa aikin shekarunta ne ya lalace. Ta ce, "Na zubarwa ne." Aka kira ta a ofis, ta bar shi tsaye shi kaɗai na ɗan lokaci. Manomi kuwa ka nuna masa koren dashe ka ce na zubarwa ne, ai zaginsa ka yi.

Yanzu ta cire farar rigar aiki ta rataye, ta bi doguwar barandar. Ƙofar ofishin shugaban a ɗan buɗe take, tana jin muryarsa yana waya. Ta tsaya, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. Ta san abin da zai biyo baya: a garƙame ɗakin gilashin, mutanen hukuma su zo da motoci, a kore ta korar da ba wata cibiya da za ta sake ɗaukarta, wataƙila ma ita da Yaya su tsinci kansu a bayan kanta. Hannun ya sauko da kansa. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ke sa fitsari ya matsi babban mutum. Ta ce wa mai gadi ba ta jin daɗi, ta nufi tasha.

A cikin mota ta yi ta lallashin zuciyarta. Gona ɗaya ce dai. Za ta ja Yaya gefe ta faɗa masa, su watsa mata mai su cinna wuta, su ce tsautsayi ne. Abincin gidan kuma ita za ta ɗauke musu har shekara ta zagayo. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani. Har ta ɗan samu ta jingina kai da gilashi.

Da rana ta take motar ta sauka daga kwalta ta hau hanyar da ke bin gefen fadama. Dama da hagu fili ne fari, ƙasa ta tsattsage, gishiri na ƙyalli yana kashe ido. Can sai ga wani kore a tsakiyar farin. Ta miƙe zaune. Ba gonarsu ba ce, tasu tana can bayan gari. Motar ta ƙara gaba kaɗan, ga wani. Ga wani kuma can kusa da masu-ƙafafu. Tunda ba abin da ke tsirowa a wurin, ba sai an nuna mata ba, duk koren da idonta ya faɗa a kai nata ne.

Matar da ke kusa da ita, mai sayar da busasshen kifi, ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Baƙuwa ce ke ko? Kin ga ikon Allah? Shekara nawa ba mu ga kore a nan ba. Wai wata 'yar garin ce, likitar shuka a birni, ta aiko da irin. Allah dai ya yi wa yarinyar nan albarka."

"Amin," in ji mutanen motar gaba ɗaya.

Auta ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

A gida, Inna na zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsefe kan jikarta. Da ta hango ta sai ta ture yarinyar ta miƙe, ta manta da ciwon gwiwar da take kuka da shi kullum.

"Autata! Kai, kai, kai! Ga mai gari da kanta. Zo nan in gan ki. Me ya same ki kika yi zuru-zuru haka, ba kya cin abinci a birnin?"

"Gajiyar mota ce, Inna."

"Tun shekaranjiya mata ke shigowa suna fita, kowace da addu'arta. Waɗanda suka gudu birni ɗaukar kaya duk sun dawo. Gidan da aka kulle an buɗe. Da babanki na da rai ya ga wannan rana…" Ta share ido da gefen zane.

"Inna, an ci?"

"An ci me?"

"Shinkafar. Akwai wanda ya ci?"

"Wa zai ci kafin ki zo? Yayanki ya kafa doka, ya ce mai abu ce za ta fara sa wa a baki. Yaran nan har kuka suke yi masa, ya ce ko ƙwaya."

Auta ta sauke ajiyar zuciya ta zauna a kan turmi. Ta tambayi inda Yaya yake, aka ce yana gona.

Ta same shi a gindin kututturen yana wasa lauje a kan dutse. Ya rame fiye da yadda ta san shi, furfura ta fito masa a gemu, amma bakinsa har kunne. Ya buɗe hannuwa biyu yana nuna mata gonar.

"To, Dakta, ya kika gani? Ɓarawon naki ya iya noma ko bai iya ba?"

"Yaya, ajiye laujen. Magana za mu yi."

Ta faɗa masa komai. Ta fara da masu-ƙafafu da ganyen da suke zubarwa, ta zo kan ƙarfen da ke cikin ƙasa, ta ƙare da ɓerayen. Yana sauraro murmushin na raguwa a hankali har ya ɓace. Ya miƙa hannu ya tsinko ƙwaya ɗaya, ya murje ta a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin.

"Duba mana. Fara tas. Ina gubar?"

"Ba a ganinta. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari."

Ya kai ƙwayar baki, ta kaɗe hannunsa da ƙarfi har ya ja da baya. Tunda take ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba.

"Ɓera ai ba mutum ba ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ƙodar iri ɗaya ce, Yaya. Kuma da ƙasar nan da kake tsaye a kai na yi gwajin, ba wata ba."

"In an ci yau, gobe a mutu?"

"A'a. A hankali take yi. Shekaru. Yara za ta fara kamawa, da masu ciki. Ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, mutum ya yi tuntuɓe kaɗan ƙashi ya karye. Kuma in ta shiga jiki ba ta fita."

Ya zauna a kan kunya ya riƙe kai da hannu biyu. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wa ya sani?"

"Cewa tana nan? Ni da kai."

"To ya tsaya a nan."

"Yaya!"

"Saurara, Auta. Ni na bi gida-gida da kwano ina raba irin nan. Ban sayar ba, kyauta na ba su, na ce na ƙanwata ne. Mutane sun bar abin da suke yi sun dawo sun zuba ƙarfinsu duka a gona. Akwai gidan da yau ba a ɗora tukunya ba, gobe suke jira. Ki tsaya a gabansu ki ce a ƙone? Wallahi ni za su fara ƙonawa, sannan ke. Inna kuma ina za ta sa kanta a garin nan?"

"Kashe su za ta yi."

"Yunwa ma kisa take yi, ita kuma ba ta jiran shekaru. Ke a birni kike, ba ki ga abin da na gani ba. Ni na haƙa wa 'yar maƙwabcinmu kabari bara, ko nauyin kaza ba ta kai ba." Ya matso kusa, ya sassauta murya kamar yadda yake yi lokacin tana ƙarama in zai lallashe ta. "A ci ta bana kaɗai. Damina ɗaya ba za ta kashe kowa ba, ke ma kin ce. Baɗi mu ce irin ba ya maimaituwa, ki kawo mana wani. Ke ki tsira da aikinki, ni in tsira da raina."

Maganar ta shige ta, don ba ƙarya ce zalla ba. Wataƙila damina ɗaya ba ta kashe babba. Amma ta san mutanenta. Manomin da ya ga iri ya yi a ƙasar da ta mutu, ko da bulala ba zai rabu da shi ba. Kowa zai ɗaure nasa a tsumma ya ɓoye a rufin ɗaki. Ta san wannan sarai. Sai dai ta tuna ƙofar shugaban, ta tuna motocin hukuma, ta dubi laujen da ke ƙyalli kusa da ƙafar Yaya ta tuna akwai irinsa a kowane gida. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin to.

Kafin su iso gida ƙofar ta cika. Labari ya zaga cewa Dakta ta sauka. Maza sun zauna a kan tabarmi da benci, mata sun yi cincirindo a gefe, yara sun haye katanga. Da suka hango ta aka ɗauki tafi da sowa. Hannuwa suka yi ta miƙowa, wata tsohuwa ta kama fuskarta tana shafawa. Auta dai murmushin yaƙe take yi.

Baba Dogo ne ya miƙe ya yi magana. Aminin babansu ne, tare suka yi noma tun suna samari, yanzu sanda ke riƙe da shi.

"Yarinyar nan a gabana aka haife ta," ya ce. "Tana 'yar mitsitsiya take bin mu bakin ruwa tana lasar ganye kamar akuya, muna yi mata dariya. Ashe mu ne abin dariya. Ni na riga na ce wa 'ya'yana in na mutu su tattara su bar garin nan, ba sauran zama. Yau na janye maganata. 'Yata, ba mu da abin ba ki. Allah ya ba ki abin da ya fi wannan."

Aka amsa da amin mai ƙarfi. Sai ga matar Yaya ta fito daga cikin gida da kwano a hannu, tururi na tashi. Ashe tun da safe ta tsinko wadda ta fara nuna, ta surfa ta dafa, ba tare da mijinta ya sani ba. Ƙamshin sabuwar shinkafa ya bugi hancin kowa.

"Bisimilla, Dakta," in ji ta, ta durƙusa ta miƙa mata. "Ki fara, sai a zagaya da shi kowa ya ɗanɗana."

Auta ta karɓa. Ta dubi Yaya, ya gyaɗa mata kai kaɗan, idanunsa na roƙonta. Loma ɗaya ce. Loma ɗaya ba za ta yi mata komai ba, ta fi kowa sanin haka. Amma in ta kai ta baki, duk wanda ke nan zai ci da zuciya ɗaya har ƙarshen ransa, ya ba 'ya'yansa, in wani ya yi gardama a ce masa ai Dakta da kanta ta ci a gabanmu.

Ta sa hannu ta ɗebo. A gabanta wata yarinyar mata ce zaune da tsohon ciki, ta kafa wa kwanon ido, tana haɗiyar yawu ba ta ma san tana yi ba.

Auta ta mayar da lomar cikin kwano.

"Ba za a ci ba," ta ce.

Na kusa ne kawai suka ji. Wani ya yi dariya, ya ce Dakta ta saba da cokali. Ta ɗaga murya.

"Shinkafar nan ba za a ci ba. Akwai guba a cikinta. Ba aiko ta na yi ba, irin da aka ce a hallaka ne, ni na yi sakaci ya fita. Yayana bai sani ba, ni ce ban faɗa masa gaskiya ba. Duk wanda ya ci ta ya daɗe yana ci, ƙodarsa za ta lalace. Yara ne za su fara."

Sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya. Wani ya ce ƙarya ne, an ga abin ya yi kyau ne ake so a ƙwace a sayar wa masu kuɗi. Wata ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Wani saurayi ya miƙe ya yi wurgi da benci, ya nufo ta yana nuna ta da yatsa, yana cewa aikinsa ya bari a birni saboda ita. Auta ta runtse ido tana jiran saukar duka. Ba ta ji komai ba. Da ta buɗe, bayan Yaya ta gani a gabanta, ya tsaya tsakaninta da saurayin.

Inna ta taso a hankali, ta zare kwanon daga hannun 'yarta, ta kife shi a ƙasa, ta zauna a kai.

Baba Dogo ya yi ta buga sanda a ƙasa har hayaniyar ta lafa. Ya dubi Auta.

"Ki dube ni, 'yata. Kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba. Da ƙasar gonar amininka na gwada."

"In kin faɗi wannan, ke me zai same ki?"

"Kora. Wataƙila ɗauri."

Ya jinjina kai. Ya juya ga jama'a ya ce mutum ba ya ɗaure kansa don ya yi ƙarya, a bar ta ta faɗi abin da za a yi.

Ta share fuska da mayafi. Abin mamaki, tunda ta furta sai ta ji numfashinta ya fara dawowa. Ta ce za ta kira shugabanta yanzu a gabansu, hukuma za ta zo, kuma za ta tsaya kai da fata sai an kawo wa garin abinci. Ta ce abin bai ɓaci ba tukuna, tunda ba wanda ya ci, kuma gonakin ga su nan ana gani. Abin da ake bukata kawai a san duk inda irin ya shiga, kada a bar ko ƙwaya.

"Duk wanda ya karɓi irin nan, don Allah ya ɗaga hannu."

Aka yi ta kallon-kallo. Hannu ɗaya ya tashi, sai wani, sai wani, har kusan duk mazan wurin da mata da dama. Suna da yawa, amma za su ƙirgu. Ta fara bin su da ido.

Baba Dogo bai sauke nasa hannun ba. Ya yi gyaran murya.

"'Yata, mu na nan kaɗai kike nufi, ko har da waɗanda muka ba wa?"

Ta juyo ta dube shi.

"Ni dai na aika wa surukina kwano guda a hayin kogi," ya ce. "Su ma gishirin ya cinye su. Kuma can sun riga mu shuka."

"Ni na ba ƙanena da ya zo gaishe ni," in ji wani daga baya.

"Iyayena na kai wa," in ji mai tsohon cikin, da ƙyar ake jin ta. "Su kuma sun raba da maƙwabta."

Ɗaya bayan ɗaya suka shiga faɗa, ba mai ɗaga murya, kowa na kiran sunan garin da ya aika. Auta na tsaye da waya a hannu tana saurare. Na farko-farkon ta san su. Daga baya suka fara kiran garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba.